Kwanon da Yake Dawowa a Cike

Shekaru sun tura, abubuwa da yawa sun same ni sun wuce, wasu ma sai yara sun tuna mini nake tunawa. Amma akwai abu guda da na san har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Ban taɓa zama na ba wani labarinsa daga farko har ƙarshe ba, ko maigidana gutsure-gutsure ya sani. Yau na ce bari in rubuta shi da hannuna, tunda Allah ya sa na ɗan iya, ko wata za ta karanta ta kiyaye.

Ni mutuniyar Toranke ce, aure ya kawo ni Gaya. A shekarar da abin ya faru maigidana ya yi doguwar jinyar ƙafa, damina ta wuce bai yi noman kirki ba, hatsin da muka samu kuwa ko bazara bai kai ba. Yara huɗu gare ni a lokacin. Wata maƙwabciyata ce ta yi mini hanyar aiki a wani gida da ke bayan gari, ta hanyar da ake bi a tafi Ajingi, inda ake ajiye tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare kuma babu mai riƙe su. Wasu masu hali ne suka haɗu suka gina shi. Mutanen gari ba sa son maganar gidan, don a wurinmu abin kunya ne a ce tsohonka yana can. Amma dai kullum ɗakunan a cike suke.

Mataimakiyar mai girki aka ɗauke ni. Babbar mai girkin wata mace ce doguwa mai faɗa, amma babu mugunta a ranta, Yaya nake ce mata. Ita ce mai tuƙi da haɗa miya. Ni kuwa nawa hura wuta, tankaɗe, gyaran wake, tsintar shinkafa, jajjage, raba abinci, sai kuma wanke-wanke wanda ba ya ƙarewa. Abin da ya sa aka zaɓe ni a kan wasu mata biyu shi ne na yi ajin yaƙi da jahilci, ina iya karanta suna. Kowane tsoho a gidan da kwanonsa, an rubuta sunansa da jan fenti a gindi, saboda akwai wanda ba a sa masa gishiri, akwai mai ciwon suga, akwai wadda sai an dama mata tuwon ya yi ruwa-ruwa. Ku riƙe wannan, don kada ku yi mini uzurin da ni ban yi wa kaina ba. Duk kwanon da ya fita daga hannuna na san na waye, duk wanda ya dawo ma na sani.

Akwai kuma wata al'ada ta kicin ɗin da na tarar. Ƙanzon tukunya na Yaya ne, ragowar kwanuka kuwa ta mataimakiya ce. Ba sata ba ce, Hajiya shugabar gidan da kanta ta san da ita. Sai dai ragowar tsofaffi ba wani abin kirki ba ce, loma biyu a nan, miya a can. Nakan tara a wata samira in kai gida, a ɗumama wa yara da safe.

A ɓangaren mata akwai wata tsohuwa 'yar Gafasa, kowa Iya yake ce mata. Siririya ce, fara, mai tsabta, ba ta da yawan magana. 'Ya ɗaya ta haifa a duniya, ita ma ta daɗe da rasuwa, dangin da suka rage kuwa kowa ya kama gabansa. In na kai mata abinci ɗaki sai ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Sannu 'yar nan, Allah ya yi miki albarka, ya raya miki zuri'a." Kuma takan cinye tas, har ta ɗauraye kwanon kafin in zo ɗauka. Ɗaki ɗaya suke da wata tsohuwa Babarbariya mai ƙiba da surutu, wadda ba ta da aiki sai tsokanarta, saboda Iya tana da jinin Fulani ta wajen uwa.

"Ke mai kicin," in ji Babarbariyar, "daina wahalar da kanki a kan wannan baiwar tawa. Ki ba ta nono cokali ɗaya, ya ishe ta mako."

Iya sai ta yi murmushi ta ce, "Rabu da ita. Wanda ya ci nasa ya hango na wani ai shi ne bawa."

Haka muke zaune har aka canza tsarin cin abinci. Abin da ya jawo shi ne tsofaffi suna ɓoye abinci a ƙarƙashin katifa. Ɓeraye suka yi yawa, kiyashi ko'ina, har wani dattijo ya ci tuwon da ya kwana biyu, ya yi gudawar da ta kusa tafiya da shi. Ran Hajiya ya ɓaci, ta tara mu ta ce daga yau ko ƙwayar shinkafa kada ta sake shiga ɗaki. Aka share babbar rumfar da ke tsakar gida, aka shimfiɗa tabarmi, mata a gefe ɗaya, maza a ɗaya gefen, da fili kaɗan a tsakani. Kowa ya fito ya ci a nan, mu kwashe kwanuka. Ta ce duk ma'aikaciyar da aka kama ta kai abinci ɗaki, a bakin aikinta. Ban ga laifin Hajiya ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Gyara ta nufa.

Makon farko lafiya ƙalau, Iya tana fitowa tana cin abincinta. A mako na biyu aka kawo wani sabon dattijo daga wajen Balan. Makaho ne, hawan jini ko suga ne ya tafi da idon, ban sani ba. Bai kai sauran tsufa ba, ba zai wuce saba'in ba. Mutum ne mai fara'a da son hira, muryarsa har kicin. Da ya zauna zai buga sandarsa a ƙasa ya ce, "'Yan kicin, ku ji tsoron Allah, hancina ya riga ya gaya mini kuka ce yau ma!" Kowa ya yi dariya. In ya cinye sai ya ɗaga kwano sama ya ce a taimaka wa makaho da ƙari. Gaskiya ya kawo wa gidan walwala, ni ma ina jin daɗinsa.

A ranar da ya fara zama a rumfar ne kwanon Iya ya dawo a cike. Tuwon masara ne miyar kuɓewa, ko yatsa ba ta sa ba. Na durƙusa na ce, "Iya, ba ki ci ba."

Ta ce, "Alhamdulillahi, na ƙoshi."

"Ko miyar ce ba ta yi miki ba?"

"A'a, 'yar nan. Na ƙoshi."

A hankali ta faɗa, kamar mai raɗa, ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Na ɗauke kwanon. Da na koma kicin na juye shi a samirata, ranar nan yarana suka ci tuwo malmala guda cur, ba gutsattsari ba. Ƙaramar 'yata har tana tambaya ko biki aka yi a wurin aiki.

Washegari haka. Jibi haka. Da rana haka, da yamma haka. Kokon safe ne kawai take ɗan kurɓa, shi ma ludayi uku ko huɗu, don mata ake fara ba wa kafin maza su fito daga ɗan masallacin gidan. Sai daga baya na tuna cewa da zarar an jiyo ƙarar sanda daga wajen masallaci take ajiye ludayin. A lokacin idona ya gani, amma zuciyata ba ta so ta haɗa lissafin ba.

A nan ne nake so in faɗi gaskiyar da ta fi yi mini nauyi. Kwana uku na farko na tambaye ta. Daga nan tambayar ta koma ta fatar baki. Sai in zo in ce, "Iya, an ƙoshi?" ina riga na miƙa hannu. Ita kuma ta ce, "Na ƙoshi." Na gaya wa kaina cewa tsofaffi haka suke, cikinsu ƙarami ne, ga zafin bazara. Na gaya wa kaina wataƙila tana da abin da take taɓawa a ɗaki, alhali na san babu mai kawo mata komai. Aikina ne in shaida wa Yaya ko Hajiya in wani ya daina cin abinci, an gaya mini tun ranar da na fara. Ban faɗa ba. Ba na cewa na zauna na ƙulla a raina tsohuwar nan ta ji yunwa don 'ya'yana su ƙoshi, Allah ya sani ban yi haka ba. Amma in na ɗaga kwanonta na ji nauyinsa, wani sanyi nake ji a raina, ba tashin hankali ba. Har na fara juye shi da sauri kafin Yaya ta waiwayo.

Wata rana ina kwashe kwanuka Babarbariyar ta riƙe mini zane. Ta ce, "Ke mai kicin, kwanon baiwar nan tawa ba ya yi miki nauyi?"

Na ɗauka wasan da ta saba ne, na yi dariya na ce, "Ai ke kika ce cokali ɗaya ya ishe ta."

Ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta saki zanen. Na wuce abina.

Kusan mako uku aka yi a haka. Ranar wata Talata bayan azahar, an gama cin dambu, Iya ta dafa ƙasa za ta tashi sai ta tafi luu ta kife a kan tabarma. Ni ce na fi kusa, na yar da kwanukan na tallabo ta. Wallahi ban taɓa ɗaukar babban mutum mai rashin nauyi irin haka ba, kamar na ɗauki damin kara. Wuyan hannunta yatsuna biyu sun zagaye shi har da saura. Mayafi da manyan riguna ne suka rufe mana abin da ake ciki. Makahon nan daga can yana ta tambaya, "Me ya faru? Wa ya faɗi? Subhanallahi, ku yi mata fifita!" Aka kai ta ɗaki, aka yayyafa mata ruwa, ta farfaɗo.

Hajiya ta zo da sauri. Ta duba idonta, ta taɓa cikinta, sannan ta juyo ta ce, "Tana cin abinci kuwa?"

Yaya ta dube ni, don ni ce mai kwanuka. Na ji kaina ina cewa, "Tana ɗan taɓawa, Hajiya."

Iya tana kwance idonta biyu, ta ji abin da na faɗa. Ta lumshe ido kawai. Hajiya ta ce to wataƙila zafi ne, a ba ta ruwan gishiri da suga, a bar ta ta huta, gobe a gani.

Ranar ban kai samira gida ba. Na ce wa yara babu ragowa.

Da sassafe na riga Yaya zuwa. Na dama koko mai kauri, na zuba a kofi, na rufe shi da hijabina na shiga ɗakinsu, na san in aka gan ni aikina ya ƙare. Na tayar da Iya na jingina ta da bango. Da ta ga kofin ta miƙo hannu biyu ta karɓe. Ta kafa kai ta sha, ta sha, ba ta sauke ba sai da na riƙe kofin na ce ta yi a hankali. Mutumin da ya ƙoshi ba ya sha haka. Na zauna a ƙasa hawaye yana zubo mini, na ce, "Iya, don girman Allah, me ya hana ki cin abinci?"

Ta kawar da kai. Babarbariyar daga gadonta ta ce, "Faɗa mata mana. Ni na yi tambayar duniya kin ƙi. In ba ki faɗa ba, wallahi yau sai na tara miki jama'a."

Iya ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana murza bakin zanenta. Can ta ce, "Mutumin nan mai sanda." Ta ƙara rage murya. "'Yata a ɗakinsa ta rasu."

Sai da na ɗan jima kafin maganar ta shige ni. Surukinta ne. Mijin 'yarta guda ɗaya. Mako uku ana ajiye mata abinci a gaban surukinta.

Ni ba baƙuwar wannan kunya ba ce. Mahaifiyata har ta bar duniya ko ruwa ba ta taɓa sha a gaban maigidana ba, in ya shigo gaishe ta tana cin goro sai ta dunƙule shi a hannu. Da na tsaya na yi tunani na minti ɗaya tun ranar farko, da na tambayi kaina abin da ya canza a rumfar nan.

Na ce, "Iya, ai makaho ne. Ba ya ganinki."

Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ni ina ganinsa."

"To me ya sa ba ki gaya wa Hajiya ba? Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"In ce me? In kama sunansa?" Ta numfasa. "Kuma in an faɗa sai ya ji. Mutum ne mai mutunci a garinsu, da gonakinsa da shanunsa, ya riƙe 'yata da daraja. Ya ji cewa ina zaune ina kallonsa yana ɗaga kwano yana roƙon ƙari? Ya ji cewa uwar matarsa a nan ta ƙare? Bar shi ya ci abincinsa, 'yar nan. Shi ya sa ko murya ba na ɗagawa."

Babarbariyar ta fashe da kuka tana cewa, "Kin ga halinku ko? Kin ga halinku? Za ki kashe kanki ki bar ni da wa?"

Daga nan ofishin Hajiya na wuce, kofin yana hannuna. Na durƙusa na faɗa mata komai, da maganar surukin, da kwanon da yake dawowa a cike, da inda abincin yake zuwa, da ƙaryar da na yi mata jiya. Na zaci za ta yi mini tsawa. Sai ta dube ni ta ce, "Mako uku?" Na ce mako uku. Ta ce, "Tashi ki je ki dama mata kunu, ki kai mata ɗaki. Maganarki ni da ke sai daga baya." Ba ta kore ni ba, kuma ba ta sake tayar da maganar ba. Wani lokaci nakan ce da ta kore ni da na fi samun sauƙi.

Muka koma kai wa Iya abinci ɗaki, amma cikin ya riga ya ƙi. In ta sha kunu sai ya dawo. Ƙafafunta suka kumbura, tari ya shiga. Bayan kwana biyu aka ɗauke ta zuwa asibiti aka sa mata ruwa. Na je duba ta ranar Juma'a bayan na tashi aiki. Na riƙe hannunta na ce ta yafe mini. Ta ce, "Me kika yi mini? Kin tambaye ni, na ce na ƙoshi." Sannan ta ce, "Yaran dai suna ci ko?" Ashe ta sani. Tun farko ta san inda kwanonta yake zuwa. Abu na ƙarshe da ta roƙe ni shi ne kada a gaya wa mai sanda.

Ranar Lahadi da hantsi ta cika. Ma'aikatan asibiti sun ce tsufa ne da ciwon ƙirji. Wataƙila haka ne. Kwana ya ƙare, wannan na yarda da shi. Amma na san da wane ƙarfi ciwon ya same ta.

A gidan aka yi mata sutura, aka fito da ita ƙofar gida don sallah. Mazan da ke iya tsayuwa suka fita, aka ja makahon aka sa shi a sahu. Babu wanda ya gaya masa komai. Bayan an tafi da ita maƙabarta, aka dawo da shi rumfa, ni kuma ina raba abincin rana, don ko an yi mutuwa sai an ci. Na ajiye masa kwanonsa. Ya wanke hannu, ya sa a ciki, sai ya tambayi dattijon da ke kusa da shi, "Wai baiwar Allahn nan da muka sallata, 'yar ina ce?"

Aka ce masa 'yar Gafasa ce.

"Gafasa? Wane gida?"

Dattijon ya faɗi sunan gidan, da sunan mijinta marigayi. Na ga hannun makahon ya tsaya a cikin kwano. Ya ce, "Mai 'ya ɗaya?" Aka ce haka aka ce. Ya ce, "Tun yaushe take nan?" Aka ce ai ta riga shi zuwa da daɗewa.

"A rumfar nan take zama?"

"Ga tabarmarta can, tana fuskantarka."

Ya zare hannunsa a hankali. Bai yi salati da ƙarfi ba, bai yi kuka irin na mutane ba. Ya juya fuskarsa wajen da ya ji motsin kwanuka ya ce, "'Yar kicin, kina nan?" Na ce ina nan, Baba. Ya ce, "Tana cin abinci?"

Karo na biyu ke nan da aka yi mini wannan tambaya. Na tuna roƙon da ta yi mini, na kuma duba na ga ya riga ya san amsar. Na ce, "A'a, Baba. Tun ranar da ka zo."

Ya lalubi sandarsa ya miƙe. Wani ya taso zai ja shi, ya ce a bar shi. Ya bi bango da hannu har ɗakinsa. Ya ƙara kusan shekara a gidan kafin wani ɗan ƙaninsa ya zo ya tafi da shi, amma ban sake jin ya tsokani 'yan kicin ba.

Na yi shekara huɗu ina aikin bayan wannan. Abin da na koya ban koye shi da sauƙi ba, da ran wata aka biya. Mutanenmu, musamman na da, ba sa faɗin yunwarsu da baki, za su gwammace su mutu da mutuncinsu. Wanda aka ba amanar irinsu, ba amsar da suka bayar zai saurara ba, jikinsu zai duba, ya duba wanda ke zaune kusa da su, ya sake tambaya a inda babu kowa. Na kuma gane wani abu game da kaina wanda ban so na gane ba. Ni mace ce mai haƙuri, kowa yana yaba mini rashin magana, har nake ganin shirun nan nawa alheri ne. Ashe akwai shirun da yake cin mutum. Yanzu duk lokacin da aka ba ni amsar da ta yi mini daɗi, wadda in na yarda da ita ni ce zan amfana, a nan nake tsayawa in ƙara bincike, don na san a daidai nan ne idona yake rufewa. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa tsohuwar nan a addu'a, ni ma ya roƙa mini gafara.